Yarinyar Da Babu Sunanta A Jerina

Malam Edita, ina gaishe ka tare da masu bibiyar wannan fili. Roƙona ɗaya, kada ka sa sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka san maganar za su gane kansu, kuma wannan ma ya ishe ni kunya.

A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne ɗan Gummi, na gama difloma a fannin kwamfuta, kaina ya kumbura ina ganin babu na biyuna. Wata ƙungiya mai kula da yaran da gubar dalma ta shafa ta ɗauke ni aiki a Anka, ni ne mai shigar da bayanai. Aikin ba wani babba ba ne, amma idan na je gida ƙarshen mako sai in tarar Inna ta gama baza wa maƙwabta cewa ɗanta ne ke riƙe da kwamfutar likitoci. Abokai suna ce mini Injiniya, rabi tsokana rabi gaske, ni kuwa in amsa baki har kunne. Ina da saurin hannu, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Amma ina da saurin baki da raini, kuma duk wanda bai iya taɓa kwamfuta ba kallon ɗan ƙauye nake yi masa, ko da ya haife ni. Wannan halin ne ya sa wata yarinya ta rasa jinta, wata baiwar Allah kuma ta ɗauki laifin da nawa ne.

Duk ɗan yankinmu ya san abin da niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ya jawo mana. Ƙurar tana zama a ƙasar tsakar gida, yara suna rarrafe suna kai hannu baki, dalma tana shiga jini. Magani yana rage ta, amma idan yaro ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, aikin banza aka yi. Dole sai an kankare ƙasar gidan an kwashe, an zuba sabuwa. Saboda haka ake gwada jinin kowane yaro sau da yawa, kafin magani da bayan magani. Kowane gwaji yana da takardarsa, mai ɗauke da lambar katin yaro, da ranar da aka ɗebi jinin, da sakamako. Ni kuma in zauna in shigar da kowace takarda a matsayin layi ɗaya a rumbun bayanai, kuma duk layin da na shigar kwamfuta da kanta take ba shi lamba bi da bi, na farkon shiga shi ne mai ƙaramar lamba.

Takardun hanya biyu suke zuwa mini. Na asibitin cikin gari, wanda ke jikin ofishinmu, ranar da aka yi gwaji ranar suke zuwa teburina. Na ƙauyuka kuwa wata nas ce ke kawo su, wadda kowa ke kira Sista. Kirista ce daga wajen Filato, ta kusa sa'ar Innata, ta daɗe a ƙasar nan har Hausarta ta koma irin tamu, tana kuma ɗan taɓa Fulatanci. Ita ke shiga ƙauyukan Bukkuyum da rugage a bayan babur, tana ɗibar jini. Da damina idan hanya ta yanke sai ta yi mako biyu ko uku ba ta dawo ba, takardun suna taruwa a wani kwalin taliya da take ɗaurewa da leda. Ni kuwa ba na son ganin kwalin nan. Kullum sai na yi mata ƙorafin cewa takardunta suna warin hayaƙi da man shanu, rubutunta kuma sai mai haƙuri. Ita dai sai ta yi dariya ta ce ɗanta Injiniya ya yi haƙuri da tsohuwa.

Wata safiya sabon likitan da aka kawo mana ya kira ni. Ya ce masu kwashe ƙasa za su fara aiki, amma ba za su iya gama gidajen duka kafin ruwa ya sauka ba, don haka za a fara da gidajen da suka fi guba. Hanyar gane su kuwa ita ce gwajin farko na kowane yaro, wanda aka yi kafin ya sha magani, domin shi ne ke nuna abin da yaron ya kwaso a gida. Yana so in fitar masa da layi ɗaya tak ga kowane yaro, na farkon, sannan in ware waɗanda sakamakonsu ya haura wani ma'auni da ya rubuta mini. Ya tambaye ni ko zan iya, ko a aika wa babban ofis. Raina ya ɗan sosu da tambayar. Na ce masa kafin azahar zai gani a teburinsa.

Yadda ya kamata a yi aikin ba ɓoyayye ba ne, an koya mana a makaranta. Ka tara layukan kowane yaro wuri ɗaya, ka jera su bisa ranar da aka ɗebi jini, ka ɗauki na sama. Amma ranakun suna da 'yar matsala, wasu an rubuta wata kafin rana, wasu tawada ta jiƙe, sai na koma takardu na gyara su ɗaya bayan ɗaya, aikin kwana biyu ko uku. Ni kuma na riga na cika baki. Sai na ce a raina, ai abin da aka fara shigarwa shi ne na farko. Na rubuta wa kwamfuta umarni gajere, ta ɗauko mini layin da ya fi ƙaramar lamba ga kowane yaro. Na ɗauki katunan wasu yara na cikin gari na gwada, na ga komai ya yi daidai. Ban gwada ko ɗaya daga ƙauye ba. Kafin a kira salla jerin yana hannun likita, ya yaba mini a gaban mutane, na fita ina tafiya kamar ni na gina asibitin.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne wannan. Idan Sista ta gwada yaro a ƙauye ta ga abin ya yi muni, ba ta jira. Nan take take rubuta 'yar wasiƙa ta sa a kawo shi Anka a fara magani, takardar gwajin kuma ta zauna a kwalinta. Yaron zai sha magani, a sake gwada shi a asibiti, dalmar ta sauka, wannan takarda ta biyu ta zo teburina a ranar. Sai daga baya Sista ta dawo da kwalinta in shigar da ta farkon. Wato yaran da suka fi kowa shan wahala daga nesa, su ne gwajinsu na bayan magani ya riga na farko shiga kwamfuta. Umarnina ya ɗauko musu sakamako mai kyau, ya ce gidajensu ba sa gaggawa.

Allah ya ba ni damar gyarawa, na sa ƙafa na ture. Da aka manna jerin a bango, Sista ta tsaya tana bi da yatsa, sannan ta zo ofishina. Ta ce akwai wata yarinya 'yar Fulani, 'yar shekara uku ko kusa, daga wata ruga ta wajen Gwashi, ba ta ga sunanta ba. Ta ce ta tuna yarinyar sarai, domin shanun gidan sun ƙare mazan suka shiga haƙar zinare, har a turmin gidan ake daka dutse, kuma ita da hannunta ta turo ta asibiti. Ko zan sake dubawa? Ban ko ɗaga kai sosai ba. Na buga lambar katin, na juya mata fuskar kwamfutar ta ga sakamakon da jerina ya ɗauko, na ce mata kwamfuta ba ta mantuwa, mutum ne ke haɗa yaron wani da na wani, musamman idan shekaru sun fara ja. Wallahi haka na faɗa mata. Ta kalli lambobin, sannan ta ce to, wataƙila ita ce ta ruɗe, yaran suna da yawa. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Masu kwashe ƙasa suka yi aikinsu suka bi jerin, ba su taka rugar ba. Damina ta zo ta wuce.

Bayan an yi girbi aka kawo yarinyar a bayan babur, uwarta ta rungume ta, jikin yarinyar yana ta fizga, idanu sun juye. Ina tsaye a bakin ofis na ga shigarsu, ban ma san ita ce ba. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya sa da sauran kwana ta rayu. Amma da ta farfaɗo, uwar tana kiran sunanta ba ta waiwayowa. Aka tafa hannu a bayan kanta, ko gezau. 'Yan kalmomin da ta fara iya faɗa ma suka tafi.

Likita ya shigo ofishina ransa a ɓace, da katin yarinyar a hannu, ya ce in buɗe masa duk gwaje-gwajenta. Ya fita amsa wani kira, na buga lambar. Layuka suka fito, wannan karon duka, ba wanda umarnina ya zaɓo kaɗai ba. Ga gwajin Sista nan a ƙasa, ranarsa ta riga ta sauran, sakamakonsa ya haura ma'aunin likita nesa ba kusa ba, lambarsa kuma ta fi ta gwajin asibiti girma. Na kalli ranar da na shigar da shi, makonni kafin in fitar da jerin. A cikin daƙiƙa kaɗan na gane komai, babu abin da ya shige mini duhu. Na tuna yabon da aka yi mini, na tuna Inna da maƙwabtanta, na tuna abin da na gaya wa Sista. Da likita ya dawo ya ga layin, ya tambaye ni me ya sa wannan gwaji bai shiga jerin ba, sai na ji bakina yana cewa:

"Yallaɓai, wannan takardar a makare ta iso wurina."

Ka lura, Malam Edita, ban yi ƙarya tsagwaronta ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Takardar ta zo bayan ta asibiti, gaskiya ne. Amma na san yadda likita zai fahimci maganar, kuma don ya fahimce ta haka na faɗe ta. Bai san inda ake duba ranar shigarwa ba, ni kaɗai na sani a duk ofishin. Ya gyaɗa kai ya ce a kira masa Sista.

A gabana aka yi zaman. Likita bai zage ta ba, amma ya yi magana mai zafi a kan riƙe takardu a kwali. Ya tambaye ta yaushe ta kawo wannan. Ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan rana ba, takardun suna da yawa, wani lokaci wata takan maƙale a ƙasan jaka. Ta juyo ta kalle ni, ba kallon tuhuma ba, kallon mai neman a tuna masa. Da ta ce ai ta taɓa zuwa ta yi mini maganar yarinyar, sai na ce e, ta zo, kuma na nuna mata abin da ke cikin kwamfuta a lokacin. Na sunkuyar da kai ina wasa da biro. Ita kuwa sai ta ce idan haka ne laifinta ne, Allah ya yafe mata. Aka rubuta mata takardar gargaɗi, aka cire ta daga zuwa ƙauye aka mai da ita ɗakin ajiyar magani.

A makon nan na gyara ranakun duka, aikin da na guje wa tun farko, bai ma ci mini kwana uku ba. Na sake fitar da jerin bisa ranar ɗibar jini. Wasu yara kaɗan suka fito waɗanda na tsallake, dukkansu na nesa, dukkansu Sista ce ta turo su. Na kai wa likita na ce sababbin takardu ne suka shigo, ya sa aka je aka kwashe ƙasar gidajensu, har ya sake yaba mini da sa ido. Da wannan na riƙa lallashin zuciyata, ina cewa ai na gyara.

Ban gyara komai ba. Magana ta fita gari cewa nas ce ta ɓatar da takardar yarinya. A wurin mai shayi na ji ana cewa dama baƙi ba su damu da 'ya'yanmu ba, albashi kawai ya kawo su, har wani ya jefa maganar addininta a ciki. Ina zaune da kofi a hannu, ban ce uffan ba. Matar da ta yi shekara da shekaru tana kwana a rugage, sauro yana cinta, saboda 'ya'yan mutane. Ranar da za a sallami yarinyar, Sista ta fito daga ɗakin magani ta durƙusa ta gaida uwar da Fulatanci, ta miƙa hannu za ta taɓa kan yarinyar. Uwar ta janye 'yarta, ta ce da ita cikin Hausa, a hankali, yadda kowa zai ji:

"Mu ba mu san boko ba. Ke munka ba amana."

Ta goya 'yarta ta wuce. Ta taga nake kallo. Bayan 'yan watanni Sista ta ajiye aiki ta koma garinsu. Har ofis ta zo ta yi mini sallama, ta ce in riƙa cin abinci a kan lokaci, na rame.

Shekaru suka wuce. Na bar ƙungiyar, na yi aure, na buɗe shagon kwamfuta a Gummi, mutane suna ganina da mutunci. Ban gaya wa kowa ba, har matata. Bara na je ɗaurin aure Bukkuyum, na haɗu da direban da muka yi aiki tare, muna ta hirar da. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi labarin Sista, ina fatan ya ce tana wani babban asibiti. Ya ce ai tun da ta tafi ba ta sake aikin jinya ba. Kayan miya take sayarwa a ƙofar gida. An yi mata tayin aiki a wani asibitin yara ta ƙi, ta ce wadda ta nakasa 'yar mutane da sakacinta ba ta da hurumin sake riƙe katin yaro. Ya ce duk lokacin da suka yi waya sai ta tambaye shi ko yarinyar ta fara ji. Abincin bikin nan ban iya ci ba. Ashe duk shekarun da nake ɓoye laifina, ita tana can tana ɗauke da shi a matsayin nata, ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin ɗanta Injiniya ne ya nuna mata a kwamfuta.

Na karɓi lambarta. Sai da ta yi kwana tara a wayata kafin na iya kira. Ta gane muryata nan take, ta hau murna tana tambayar Inna da iyali. Na katse ta, na faɗa mata komai tun daga farko, da ƙaramar lamba, da kwalin, da abin da na gaya wa likita da dalilin da ya sa na faɗa. Na shirya wa zagi, na shirya wa Allah ya isa, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Amma sai ta ce:

"Ɗana, tsaya. Kana nufin na kawo takardar a kan lokaci?"

Na ce, "Kin kawo, Sista. Tana cikin kwamfuta tun kafin in fitar da jerin."

Sai ta fashe da kuka. Ta yi ta maimaita cewa ashe ta kawo, ashe ta kawo. Da ta samu ta yi shiru, ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Cewa ta yi ta gode da na gaya mata. Malam Edita, a rayuwata ba a taɓa marina da abin da ya kai wannan godiyar zafi ba.

Na rubuto ne saboda yaranmu da yawa yanzu suna zaune gaban kwamfuta a asibitoci da makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi, ana ce musu su fitar da jeri, kuma babu mai iya duba aikinsu. 'Yan'uwana, abin da ya fara shiga kwamfuta ba lallai shi ne ya fara faruwa ba. Idan an ce ku ɗauko na farko, ku tambaya na farko ta wace fuska, ku bi ranar da abin ya auku, ku gwada da mutanen nesa ba na kusa da ofis kaɗai ba. Idan wanda ya taka ƙasa ya je ya gani da idonsa ya ce muku jerinku da gyara, ku tashi ku duba, ko da bai san inda ake kunna kwamfutar ba. Kuskuren lissafi kowa yana yi, kuma da na amsa nawa a ranar, da kunyar mako ɗaya zan sha. Abin da ba na iya yafe wa kaina shi ne na yi amfani da ilimin da ni kaɗai nake da shi na rufe bakin wadda ta fi ni gaskiya.

Na rubuta wa tsohon likitanmu na bayyana masa komai, na kuma roƙi direban ya raka ni rugar, domin uwar yarinyar har yau ta san nas ce ta ci amanarta. Sau biyu muna sa rana ina ɗagawa. Yarinyar yanzu ta isa ɗaukar ƙwaryar nono, an ce da hannu ake yi mata magana, kuma ban san da wane hannun zan gaya mata cewa ni ne ba.